Uku ne ko ɗaya? Tambayar da Alaramma ya tsare ni da ita a Farm Centre

Ranar wata Talata ce, nepa sun ɗauke wuta tun safe, mai janaretan layinmu kuma yace shi fa ba zai tayar ba sai an haɗa masa kuɗin mai, dan haka duk muka fito bakin shago muna fifita da kwalin waya. Ni gyaran waya nake a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, bana shekara tara kenan, maƙwabcina kuma caja da fawa banki da gilashin waya yake saidawa. Hafizi ne, shi yasa duk layin Alaramma muke ce masa, shi kuma yana ce min Injiniya. Ya san ni Kirista ne tun farkon zuwana, duk da sai da ya ɗau kusan wata guda kafin ya yarda, wai shi a saninsa duk mai zuwa coci Hausarsa sai ta ɗan karkace, ni kuwa ga tawa tsaf irin ta cikin badala. Kakana bamaguje ne daga kudancin Kano, shi ya fara karɓar bishara a gidanmu, ni kuma a nan birni aka haife ni.

Muna zaune sai yace, Injiniya dan Allah in tambaye ka wani abu amma kar ka ji haushi. Nace Allah gafarta malam, tambayi. Yace wai ku tsakani da Allah, Allah nawa kuke bautawa, uku ne ko ɗaya?

Nace ɗaya mana, haba Alaramma. Yace to Uba fa? nace Allah ne. Ɗa fa? nace Allah ne. Ruhu Mai Tsarki fa? nace shi ma. Yana tambaya yana lanƙwasa yatsa, da ya gama sai ya ɗago min yatsun nan guda uku a gaban fuskata bai ce komai ba, yaran shago har sun fara ƙunshe dariya. Ni kuwa kada a ce an kayar da ni a gaban yara sai na shiga kawo misali. Nace ka ga ƙanƙarar da muke layin saye da azumi ko? ai ruwa ce, in ta narke ruwa, in aka ɗora a wuta tururi, abu ɗaya kama uku. Yace to ai kenan sauya kama yake yi, yau Uba gobe Ɗa. Na ga wannan bata ɓulle ba sai na koma kan murhu, nace duwatsun murhu uku ne amma murhu ɗaya ne. Yace Injiniya, in ka ɗauke dutse ɗaya ka ajiye gefe sunansa murhu? nace a'a. Yace to kenan kowanne sulusin Allah ne, sai an haɗa su ake samun cikakke. Wallahi shiru nayi. Wata baiwar Allah ce ta cece ni da ta kawo waya ta faɗa ruwa, na tashi da sauri kamar na shekara ina jiranta.

Abin ya tsaya min a rai har dare. Ba wai dan ya fi ni baki ba, daman ya fi ni, abin da ya dame ni shi ne tun ina ɗan Sande Sukul duk Lahadi sai mun miƙe tsaye mun faɗi shaidar bangaskiya, na ba da gaskiya ga Allah Uba Mai Iko Duka mahaliccin sama da ƙasa, har ƙarshe, ko cikin barci aka tashe ni zan kawo ta ba gargada, amma ashe karatun aku nake, shekara talatin da ɗoriya.

Da Asabar na hau adaidaita na tafi gidan wani tsohon rabaran ɗinmu da ya yi ritaya, shi ya yi min baftisma ma. Na kwashe labari na faɗa masa, tsohon nan ya yi dariya har da tari, yace ɗana, a zama ɗaya ka tafka karkatacciyar koyarwa guda biyu, kuma duka biyun ikilisiya ta yi watsi da su tun kafin a san za a gina ganuwar Kano. Nace Baba ai a coci na ji misalan. Yace na sani, ni ma na taɓa yin wa'azi da su ina saurayi, Allah ya yafe mana. Ya shiga ɗaki ya ɗauko min wani tsohon littafin tarihin ikilisiya da gara ta fara cin bangonsa, yace in je in karanta in dawo. Abin da zan rubuta a nan daga karatun nan ne da zaman da muka yi da shi sau uku, ni ba fasto bane, mai gyaran waya ne, kowa ya riƙe wannan.

Na farko dai, kalmar Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, babu ita a cikin Littafi Mai Tsarki, gara ma mu riƙa faɗa da bakinmu kafin a faɗa mana. Abin da ke ciki shi ne abubuwa biyu da Kiristocin farko suka tarar a gabansu kuma suka kasa yar da ko guda. Na ɗaya, Allah ɗaya ne, Maimaitawar Shari'a 6:4, kuma da aka tambayi Yesu wace doka ce ta fi girma da wannan ayar ya fara amsa, yana nan a Markus 12:29. Manzannin nan Yahudawa ne, da tauhidi aka yaye su, ba mutanen da za ka kawo wa zancen alloli uku su saurare ka bane. Na biyu kuma, ga su suna yi wa Yesu sujada suna addu'a da sunansa, ga Yahaya ya buɗe bishararsa da cewa Kalman yana tare da Allah kuma Kalman Allah ne, ga Matiyu 28:19 yace a yi baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, suna fa yace, guda ɗaya, bai ce sunaye ba. To ya za a faɗi biyun nan tare ba tare da an ƙaryata ɗaya ba? Duk rigimar ɗaruruwan shekarun nan a kan wannan take.

Wani abin da ya ba ni mamaki, mu a nan an saba cewa addinin Turawa, addinin Nasara, amma manyan 'yan wasan wannan labarin yawancinsu 'yan Afirka ne. Wanda ya fara rubuta kalmar trinitas da Latin sunansa Tartuliyan, ɗan Kartaj ne, Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200 da 'yan kai. Ariyus da ya tayar da ƙura asalinsa ɗan Libiya ne yana aikin limanci a Iskandariya ta Masar. Atanasiyus da ya tsaya masa a wuya ɗan Masar ne. Agustin da ya rubuta kundi 15 a kan Triniti kaɗai, bishop ne a Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, ya rasu a 430. Duk tsallaken hamada ne daga nan, hanyar da fataken Kano suka yi ta bi.

Misalina na ƙanƙara, Baba yace mai shi na asali sunansa Sabeliyus, ya yi koyarwa a Rum wajen shekara ta 220. Shi cewa yayi Allah ɗaya ne yake canza riga, wani lokaci ya fito a Uba, wani lokaci Ɗa, wani lokaci Ruhu, kamar yadda ni ɗin nan nake injiniya a kasuwa, baban yara a gida, ɗan kwaya a coci. Da daɗin ji, kuma na san wasunku da wannan kuke amsawa a Facebook. Matsalar ita ce in haka ne to da wa Yesu yake magana a lambun Gatsemani da yake cewa ba nufina ba naka za a yi? da kansa yake surutu? Kuma a kogin Urdun ranar baftismarsa ga Ɗa a cikin ruwa, ga murya daga sama, ga Ruhu yana saukowa kamar kurciya, duk a lokaci guda. Mai canza riga baya iya sa uku ya tsaya wuri uku. Aka ce masa a'a.

Bayan kamar shekara ɗari sai Ariyus ya ɓullo ta ɗaya gefen. Shi yace Uba kaɗai ne Allah na gaskiya marar farko, Ɗa kuwa shi ne mafi girman halitta, an yi shi tun kafin duniya, ta wurinsa aka yi sauran komai, amma dai yinsa aka yi, akwai sa'ad da babu shi. Mutumin ya iya talla, har waƙa ya mai da koyarwar tasa matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa suna rerawa. Abin ya bazu ya raba ikilisiyoyin gabas, har sarki Kustantin, wanda bai daɗe da haɗe daular Rum a hannunsa ba, ya ga rigimar malaman nan za ta jagula masa ƙasa, ya kira taron bishop-bishop a garin Nikiya a 325. Garin yana nan har yau a Turkiyya, Iznik ake ce masa, 2025 taron ya cika shekara 1700 cif. A al'adar ikilisiya ana cewa mutum 318 ne suka halarta. Ku tuna fa tsanantawar da sarki Diyokletiyan ya fara a 303 bata fi shekara ashirin da 'yan kai ba a lokacin, cikin waɗanda suka zo akwai masu tabon azaba a jikinsu.

A nan aka rubuta layukan da Katolika da Anglican da Otodoks suke karanta kusan dukansu har yau a sujada: Allah daga Allah, haske daga haske, Allah na gaskiya daga Allah na gaskiya, haifaffe ne ba halittacce ba, zatinsa ɗaya da Uba. Kowane layi kamar an auna Ariyus ne aka harba. Kalmar da ta fi kawo cece-kuce ta Girkanci ce, homo'usiyos, wato zati ɗaya. An zaɓe ta ne saboda duk ayar da aka kawo mutanen Ariyus sai su gyaɗa kai su ce mun yarda, a ransu suna yi mata tasu fassarar, wannan kalmar ce kaɗai suka kasa haɗiyewa. Bishop biyu ne suka ƙi sa hannu har ƙarshe, dukansu daga Libiya, aka kore su tare da Ariyus. Daga baya wasu suka ce to a sasanta, a ce homoi'usiyos, zati mai kama da na Uba. Harafi ɗaya ne tal bambancin, amma ai ni na sani a sana'ata, caja orijinal da mai kama da orijinal ba ɗaya bane, tambayi Alaramma.

Bari in ɗan ratse. Akwai wani bidiyo da yake yawo a WhatsApp, an turo min shi ya fi sau biyar, wai Kustantin ne ya ƙirƙiro Triniti a Nikiya kuma a can aka zaɓi littattafan da za a sa a Baibul aka ƙone saura. Na biyun sam ba a yi shi a taron ba, ba a tattauna jerin littattafai a Nikiya ba. Na farkon kuma lissafi ma ya isa, Tartuliyan ya riga taron da sama da shekara ɗari. Ban ce hannun sarki bai shiga ba, ya shiga dumu-dumu, shi ya kira taron shi ya kori waɗanda suka ƙi, wannan ba abin alfahari bane a wurina. Amma in ƙarfin sarauta ne ya kafa koyarwar to da ta Ariyus ce ta zauna, dan Kustantin kansa da zai mutu a 337 bishop ɗin da ya yi masa baftisma, Yusibiyus na Nikomidiya, ɗan goyon bayan Ariyus ne, ɗansa Kustantiyus kuma ya matsa wa masu riƙe da Nikiya lamba sosai. Atanasiyus da ya zama bishop na Iskandariya a 328 sau biyar ana korarsa daga kujerarsa kafin ya rasu a 373.

Wurin da na fi yin dariya a littafin nan shi ne inda wani bishop, Girigori na Nisa, yake ƙorafi a kan mutanen Kustantiniya, Santambul ta yau. Yace in ka nemi canji a wurin ɗan kasuwa sai ya fara yi maka bayanin haifaffe da wanda ba a haifa ba, in ka tambayi kuɗin burodi a ce maka Uba ya fi Ɗa girma, in ka ce an haɗa ruwan wanka? a ce maka daga babu aka yi Ɗa. Nace wannan ai Farm Centre ce ranar da babu wuta.

Shaidar Nikiya ta asali da ta zo kan Ruhu Mai Tsarki layi ɗaya tak ta yi, kuma ga Ruhu Mai Tsarki, shikenan. Sai da wasu suka taso suka ce to shi Ruhun halitta ne, sannan a 381 sarki Tiyodosiyus ya kira wani taron a Kustantiniya, bishop wajen 150, aka faɗaɗa: Ubangiji ne, mai ba da rai, mai fitowa daga Uba, ana yi masa sujada ana ɗaukaka shi tare da Uba da Ɗa, shi ya yi magana ta bakin annabawa. Wadda ake kira ta Nikiya a coci yau ainihi wannan ta 381 ɗin ce. Daga baya mutanen yamma suka ƙara "da Ɗa" a wurin fitowar Ruhu, abin ya faro daga Sifaniya, ana danganta shi da taron Toledo na 589, Rum ta karɓa wajen 1014, mutanen gabas suka ce wa ya ba ku izinin taɓa abin da aka yi tare? yana cikin abubuwan da suka kai ga rabuwar ikilisiyar gabas da ta yamma a 1054, har yau Otodoks basa faɗinsa. Wannan ba zan zurfafa ba, ba shi Alaramma ya tambaye ni ba.

Ita kuwa wadda muke faɗa a cocinmu, ta Manzanni, ta fi gajarta kuma ba a taro aka yi ta ba, daga tambayoyin baftisma na ikilisiyar Rum ta samo asali, ka ba da gaskiya ga Uba? ga Ɗa? ga Ruhu? a nitsa ka sau uku. Shi yasa in ka lura gida uku ce. Sunan dai na manzanni ne amma yadda take a yanzu sai wajen ƙarni na 8 ta zauna. In ka kula ma bata yi bayanin Triniti ba ko kaɗan, labari kawai ta bayar, har da sunan gwamnan da aka yi abin a zamaninsa, Bilatus Babunti.

Shaidar bangaskiya ta uku ce ban taɓa ji ba sai a gidan Baba, wadda ake jingina wa Atanasiyus duk da ba shi ya rubuta ba, da Latin aka yi ta wajen ƙarni na 5 zuwa na 6, ana kyautata zaton a kudancin Faransa ta yau. Tsohon littafin addu'ar Anglican na 1662 ya sa a karanta ta a wasu ranaku har da Lahadin Triniti. Da na karanta sai na ji kamar marubucin yana zaune a benci kusa da mu ranar Talatar nan. Tace Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne, duk da haka ba alloli uku bane, Allah ɗaya ne. Uba madawwami, Ɗa madawwami, Ruhu madawwami, amma ba madawwama uku ba, madawwami ɗaya. Babu na gaba babu na baya, babu babba babu ƙarami. Kada a cakuɗa ukun, kada kuma a raba zatin. Ƙanƙarata ta cakuɗa, murhuna ya raba, a layi ɗaya aka gama da ni.

Nace Baba to ai har yanzu bata faɗa min yadda abin yake ba. Yace daman ba aikinta kenan ba. Yace ka taɓa ganin shingen gona ya yi tsiro ya ba da dawa? aikinsa ya nuna maka inda gonar ta tsaya. Nan na fara gane abin da na kasa ganewa shekara da shekaru, mu muna ɗaukar shaidar bangaskiya kamar amsar lissafi, alhali waɗanda suka rubuta ta kusan duk layi cewa suke kar ka ce kaza, kar ka ce kaza. Kar ka ce alloli uku. Kar ka ce mai canza riga. Kar ka ce sulusi-sulusi. Kar ka ce ɗaya ya girmi ɗaya. Abin da ya rage a tsakiya sun bar shi yadda suka same shi, dan a ganinsu Allahn da zai shiga cikin kwanon misalinka daidai wa daida to kai ka ƙera shi.

Sannan akwai matsalar da tamu ce mu Hausawa, ta harshe. In aka ce ɗaya a zati, uku a me? Na sha jin masu wa'azi suna cewa mutum uku, ni kuwa duk sanda na ji sai tsigar jikina ta tashi, dan a Hausa mutum ɗan Adam ne mai kai da ƙafa, Bahaushe na jin mutum uku zai hango dattawa uku a kan tabarma. Girkawa hupostasis suka ce, Kiristocin Larabawa suna cewa uƙnum, jam'insa aƙanim, kuma ba nufinsu mutum irin ni da kai ba. Agustin kansa ya yarda kalmar da suke amfani da ita a Latin bata kai ba, yace ana faɗinta ne ba dan ta bayyana abin ba sai dan kada a yi shiru in an tambaya uku me. Abin da ake nufi dai shi ne Uba ba shi ne Ɗa ba, Ɗa ba shi ne Ruhu ba, kuma abin da ya bambanta su dangantakarsu ce kawai, ba iko ba, ba shekaru ba, ba nufi ba. Dan haka ba abu guda ake ƙirgawa a ce ɗaya kuma a dawo a ce uku ba, tambayar da amsarta ɗaya daban, wadda amsarta uku daban.

Kalmar haihuwa ta ma fi wannan nauyi. A kunnen Bakano in ka ce Ɗan Allah abin da ke zuwa masa shi ne aure da mata da ciki da suna, kuma wallahi in wannan ake nufi ni ma ina cikin masu cewa subhanallahi. Babu wata shaidar bangaskiya da ta ce Allah ya yi mata, kuma Maryamu bata cikin ukun, ba a taɓa sa ta ba, ko a wurin Katolika da suke girmama ta sosai. Nikiya cewa tayi haifaffe, ta 381 ta ƙara da tun kafin dukkan zamanai, wato ba ranar da abin ya faru, ba a Baitalami ya fara ba. Dalilin zaɓar kalmar kuma shi ne abin da ka ƙera ba irinka bane, kafinta da kujera, amma abin da ka haifa irinka ne. Shi yasa suka ce haske daga haske, babu lokacin da fitila take kunne haskenta bai fito ba tukunna. Ko wannan ɗin ma Baba yace in riƙe shi da hannu biyu kar in ja shi da nisa.

Bayan sati uku na koma wa Alaramma, wannan karon ni na tayar da zancen, na sai mana shayi. Nace Allah gafarta malam, misalan da na ba ka rannan ka zubar da su, ba koyarwarmu bace, kai ka fi ni gaskiya a kan murhu. Ya ji daɗin wannan sosai har da gyara hula. Na kwashe duk abin da ke sama na faɗa masa gwargwadon iyawata, na ƙara masa da cewa Kiristocin Larabawa in sun ce da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki sai sun rufe da al-ilahul wahid, Allah ɗaya, kuma wani babban taron Katolika da aka yi a Rum a 1215 ya rubuta cewa shi zatin Allah baya haifa kuma ba a haifarsa. Ya ɗago yace kai, wannan ai kamar Ƙulhuwallahu. Nace kamar dai, amma kar in cuce ka, a wurin suka ci gaba da cewa Uba ne ke haifa Ɗa ne haifaffe, ba su janye komai ba.

Yayi shiru yana juya cokali, sannan yace to Injiniya na ji, na yarda ba alloli uku kuke nufi ba kuma ba zan ƙara cewa kun sa Nana Maryam a ciki ba, amma ni Alƙur'ani ya riga ya gaya min a Suratun Nisa'i kada ku ce uku, kuma Annabi Isa alaihissalam bawan Allah ne manzonsa, a nan na tsaya. Nace ni ma ban kawo shayin nan dan in tayar da kai daga inda ka tsaya ba. Gaskiyar magana saɓanin yana nan, babba ne, ni na ce Yesu Allah ne da ya zama mutum shi yace a'a, babu wani lanƙwasa harshe da zai mai da wannan abu ɗaya, kuma masu cewa ai duk ɗaya ne dan a zauna lafiya ni a ganina basu girmama kowanne a cikinmu ba. Abin da ya canza kawai shi ne yanzu a kan abin da na yarda da shi da gaske yake musu da ni, ba a kan wanda aka ba shi labari ba. Na ce masa ma ba mu muka fara ba, wajen 781 a Bagadaza halifa Mahdi na Abbasiyawa ya zaunar da shugaban Kiristocin gabas, Timoti na ɗaya, kwana biyu suna wannan muhawarar, kowa ya tashi da addininsa. Yace to su a fada suka yi, mu a kan benci.

Har na fara murna an gama sai yace saura ɗaya. Kun ce ya mutu a kan gicciye ko? nace eh. Yace kuma Allah ne. Nace eh. Yace to a kwana ukun nan wa yake riƙe da duniya? Na san amsar tana wajen taron Kalsidon na 451 inda aka yi maganar allahntaka da mutuntaka a cikin Almasihu ɗaya, na ga babin a littafin amma na tsallake shi saboda gara ta cinye gefen shafukan kuma barci nake ji. Na buɗe baki zan kawo misali, har na fara cewa ka ga kamar waya mai layi biyu, sai na tuna dariyar Baba na kama bakina. Nace Alaramma ba ni sati biyu. Yace na ba ka uku, ya miƙe ya ɗau butarsa dan an fara kiran la'asar, yace ka duba min shago, in mai fawa bankin nan ya dawo kar ka rage masa ko sisi.